Hita a Cikin Bokiti: Yadda Ruwa Ke Kai wa Mutum Wutar Lantarki

Wata safiya cikin watan Janairun da ya wuce, lokacin da sanyin hunturu ya yi tsanani, 'yar yayata da ke zaune a wurinmu saboda makaranta ta tara ruwa a bokitin roba, ta jefa hita a ciki, ta jona ta a soket ɗin da ke bakin banɗaki, sannan ta koma ɗaki haɗa littattafanta. Kafin ruwan ya yi zafi aka ɗauke wuta. Da ta fito ta ga ƙwan fitilar tsakar gida a mace, sai ta tsoma hannu a bokitin don ta ji ko ruwan ya yi ɗumin da za a iya wanka da shi, kuma a daidai wannan lokacin aka maido da wutar. Ƙarar da ta saki ce ta tashe ni. Na same ta zaune a ƙasa tana riƙe da hannunta na dama, bokitin ya kife, hitar kuma tana kwance a kan siminti tana hayaƙi. Allah ya taƙaita abin, domin yatsu kawai ta sa kuma da silifa a ƙafarta, likitan da ya duba ta a ranar ma ya tabbatar mana cewa zuciyarta tana bugawa daidai.

Da yamma, bayan hankalin kowa ya kwanta, yarinyar ta dube ni ta ce, "Kawu, ai malaminmu na kimiyya ya ce ruwa tsantsa ba ya ɗaukar wutar lantarki." Mahaifiyata, wadda tun safe take faɗa, ta karɓe zancen kafin in buɗe baki: "Ke dai ki gode wa Allah. Tun da aka kawo lantarki garin nan muka san ruwa da wuta ba sa shan inuwa ɗaya." Abin da ya sa na zauna rubuta wannan shi ne, da malamin da Hajiya duk gaskiya suka faɗa, sai dai gaskiyar malamin tana aiki ne a kan wani irin ruwa da ba a taɓa ɗebowa a famfo ko rijiya ba.

Wutar lantarki ba ta wucewa ta cikin abu sai idan akwai wasu ƙananan ƙwayoyi masu caji da za su iya motsawa a cikinsa. A wayar tagulla waɗannan ƙwayoyi suna nan jingim, shi ya sa ake yin wayar wuta da ita. Shi kuwa ruwa, idan babu komai a cikinsa, ƙwayoyinsa a haɗe suke ba su da caji, sai kusan ɗaya cikin miliyan 550 ce take rabewa ta samar da abin da masana ke kira ayon, wato ƙwaya mai caji. Wannan adadi bai taka kara ya karya ba, don haka ruwa tsantsa yana tare wuta ƙwarai. Amma samunsa aiki ne ja. A shekarar 1894 wani masanin kimiyya Bajamushe mai suna Friedrich Kohlrausch, tare da abokin aikinsa Adolf Heydweiller, sai da suka tace ruwa ta hanyar turara shi fiye da sau 40, a cikin mazubin da aka zuƙe wa iska, kafin su samu ruwan da ya kusa zama tsantsa. Irin wannan ruwan da zarar an bar shi a buɗe ya fara shan iskar da muke fitarwa idan mun yi numfashi, kuma cikin ɗan lokaci sauƙin da wuta ke samu wajen ratsa shi zai ninka sau da yawa.

Ana auna wannan sauƙin ratsawa da ma'aunin da ake kira maikrosimens a kowace santimita. Ruwa tsantsa yana ba da 0.055. Ruwan sha na famfo da na rijiya yawanci yana farawa daga wajen 50 ya kai ɗaruruwa, mai zartsi ma yakan haura 1,000, ruwan teku kuwa yana kaiwa wajen 50,000. Ke nan ruwan da yarinyar nan ta tara a bokiti ya fi ruwan malaminta ɗaukar wuta sau dubbai. Dalili shi ne gishiri da sauran ma'adinan da ruwa ke kwasowa daga ƙasa da duwatsu, waɗanda idan sun narke suke wargajewa su zama ayon. Wani ɗalibi ɗan ƙasar Suwidin, Svante Arrhenius, shi ya bayyana haka a kundin digirinsa na 1884, malamansa suka ba shi maki mara yabo saboda ba su gamsu ba, amma a 1903 wannan tunanin ne ya samo masa lambar yabo ta Nobel. Kada kuma sunan fiya wata ya ruɗi kowa. Ruwan leda an tace shi ne don ya shawu, kuma ma'adinan da ke ba shi ɗanɗano suna nan a ciki. Abin da ya fi kusa da ruwa tsantsa a kasuwanninmu shi ne ruwan batir, wanda babu mai wanka da shi.

Washegari na nuna mata abin a aikace, da ƙaramin batir mai bolt 9, da ɗan ƙwan tocila, da wayoyi biyu da muka tsoma a kofi ba tare da sun taɓa juna ba. Da ruwan batir, da ƙyar ake ganin alamar haske. Da ruwan famfo ƙwan ya kama. Muka zuba sukari muka juya, babu abin da ya canja, domin sukari yana narkewa ne ba tare da ya rabe ya zama ayon ba. Muka sa ɗan gishiri, haske ya ƙaru nan take. Hajiya da ke kallonmu ta miƙo guntuwar kanwa ta ce a gwada, ita ma ta yi aiki irin na gishiri, haka ma sabulun gari na wanki. Wannan gwaji da batir kaɗai ake yin sa, ba da wutar soket ba ko da wasa.

Sai dai a nan ne na ga akwai abin da ni kaina ban taɓa yi wa kyakkyawan tunani ba. Ko ruwan teku, duk da gishirinsa, tagulla ta fi shi ɗaukar wuta fiye da sau miliyan goma. Idan an kwatanta da ƙarfe, ruwa rago ne a wannan fanni. To me ya sa yake kisa? Amsar tana jikin ɗan Adam ne fiye da cikin bokiti.

Fiye da rabin nauyin jikin babban mutum ruwa ne, kuma ruwa mai gishiri, domin a kowace lita ta jini akwai gishiri kimanin giram 9. Saboda haka cikin jiki hanya ce mai sauƙi ga wuta. Garkuwar da muke da ita kawai ita ce busasshiyar fatar da ke waje. Ana auna turjiyar da abu ke yi wa wuta da ma'aunin om. Busasshiyar fata mai kauri tana iya kaiwa om 100,000, amma idan ta jiƙe, turjiyar jikin gaba ɗaya tana iya faɗowa zuwa om 1,000 ko ƙasa da haka. Wutar gidajenmu a Najeriya da Nijar tana zuwa da ƙarfin bolt 220 zuwa 240. Yawan wutar da ke ratsa jiki ana samun sa ne idan aka raba bolt da om, ana kuma auna shi da amfiya, ko miliamfiya, wato kashi ɗaya cikin dubu na amfiya. Idan aka ɗauki 230 aka raba da 100,000 za a samu miliamfiya biyu da 'yan kai, wato ɗan jan da ke sa mutum ya fizge hannu ya yi tsaki ya wuce. Idan aka raba da 1,000 kuwa, miliamfiya 230 ke nan. Waya ɗaya ce, mutum ɗaya ne, jiƙa kaɗai ta ninka wutar da ta ratsa shi sau 100.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ƙanƙantar wutar da ake buƙata don a kashe mutum. Daga miliamfiya 1 ake fara jin ta. Wani farfesa a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a Amurka, Charles Dalziel, ya yi shekaru yana auna matakin da mutum ba zai iya sakin waya da kansa ba, ya gano cewa matsakaicinsa wajen miliamfiya 16 ne ga maza, wajen 10 kuma ga mata. Wutar gida tana kai da kawo sau 50 a kowace daƙiƙa, tana tilasta wa tsokoki su ƙanƙame, kuma da yake tsokokin da ke dunƙule hannu sun fi masu buɗe shi ƙarfi, sai mutum ya damƙe abin da ke jan sa. Abin da muke nufi ke nan idan muka ce wuta ta riƙe wane. Idan ta kai miliamfiya 50 zuwa 100 kuma ta bi ta ƙirji, zuciya tana iya rikicewa ta koma karkarwa maimakon bugawa, jini ya daina zagayawa. Tsohon ƙwan fitila mai wat 60 yana jan wajen miliamfiya 260, wato abin da ke kunna ƙwai ɗaya ya isa ya tsayar da zuciyar ƙato har da saura.

Aiki na biyu da ruwa ke yi shi ne haɗa mutum da ƙasa. Wutar da ta kuɓuce daga waya tana neman hanyar komawa inda ta fito, kuma ƙasa tana cikin wannan hanya. Mutumin da ke tsaye ba takalmi a kan jiƙaƙƙen daɓen siminti ya riga ya jona kansa da ƙasa, abin da ya rage kawai hannunsa ya taɓa wani abu mai wuta. Banɗaki, da wurin wanke-wanke, da wurin alwala duk sun cika wannan sharaɗi, kuma da yawa daga cikinmu mukan idar da alwala mu miƙa jiƙaƙƙen hannu ga makunnin fitila ko cajar waya ba tare da mun yi tunanin komai ba. Mutane suna ganin bokitin roba kariya ne, ni ma haka nake gani a da. Robar tana hana wutar zirarewa ƙasa, gaskiya ne, amma ma'anar haka ita ce ruwan yana nan ɗauke da wuta shiru, babu tartsatsi babu ƙara, har sai an samu wanda zai tsoma hannu ya zame masa hanya. Bokitin ƙarfe kuma ba gwara ba ne, domin shi jikinsa ma ja yake yi. Silifar da yarinyar ke sanye da ita ta rage yawan wutar da ta bi ta jikinta, amma silifa mai huji ko wadda ruwa ya sha kanta ba abin dogaro ba ce.

Ita hitar kanta, wata siririyar waya ce a cikin bututun ƙarfe, da wani farin gari da ke raba su don kada wuta ta taɓa bututun. Idan tana lafiya, zafi kawai take ba ruwa. Amma duk lokacin da aka kunna ta a waje, ko aka bar ruwa ya ƙafe a kanta, ko aka zaro ta kafin a kashe, bututun yana yin zafin da ya wuce kima har ya tsage, ruwa ya samu shiga. Haka nan idan mariƙinta ya nutse, inda wayoyin suke haɗuwa ya jiƙe. Tamu duk an yi mata waɗannan laifuffuka, kuma ba yarinyar kaɗai ta yi su ba, har da ni. Filoginta ma ya daɗe da karyewa, tsiraran wayoyi biyu muke cusawa a soket mu danne da tsinken ashana. Mafi muni ita ce hitar da yara ke haɗawa a makarantun kwana da reza biyu ko cokula biyu da ɗan itace a tsakani. Wannan ba ta da wata kariya ko kaɗan, ruwan ne kansa yake zama wayar da wuta ke bi ta ciki har ya tafasa, shi ya sa suke barbaɗa gishiri don ya yi sauri. Duk bokitin da ke ɗauke da irinta, daga sama har ƙasa wuta ce.

Akwai kuma haɗarin da ya keɓanta da irin wutarmu, wanda littafin da aka rubuta a ƙasar da ba a ɗauke wuta ba zai ambata ba. Mun saba ɗaukar duhu a matsayin shaidar cewa waya ba ta da wuta, alhali wutar da aka ɗauke ba sallama haka take dawowa ba sallama. Ko ba a maido ta ba, janareta ko inbata da aka jona ba bisa ƙa'ida ba yana iya tura wuta cikin wayoyin gida har ta fita waje. Kayan wuta bai mutu ba sai an kashe makunni an kuma zare filogi.

Wani abin da mutane da yawa ba za su zata ba shi ne, ga wanda ke cikin ruwa tsundum, ruwan daɗi ya fi ruwan gishiri haɗari. A teku, ruwan ya fi jikin mutum ɗaukar wuta, don haka mafi yawanta takan bi ta gefensa ta wuce. A tafki, ko kududdufi, ko tankin kiwon kifi, jikin mutum ne ya fi ruwan sauƙin bi, sai wutar ta taru a kansa. Ba lallai ta kai matakin tsayar da zuciya ba; ya isa ta sandarar da hannu da ƙafa, mutum ya nutse a ruwan da ya saba iyo a ciki, a ce ruwa ne ya ci shi. Masu kiwon kifi da masu noman rani da ke tsoma injin jan ruwa mai amfani da lantarki su ne wannan ya fi shafa, musamman inda aka yi wa wayar injin ɗori aka naɗe da leda. Sau da yawa kuma wanda ya faɗa ruwan don ceto yakan zama na biyu.

Da damina lamarin yakan fita daga gida ya koma titi. Iska ta karya falwaya, waya ta faɗa cikin ruwan da ya kwanta, babu abin da ido zai gani. Ƙarfin wutar ya fi yawa a inda wayar ta taɓa, yana raguwa a hankali yayin da ake nisa, saboda haka mai dogon taku yana iya samun bambancin ƙarfi tsakanin ƙafarsa ta gaba da ta baya, wuta ta shiga ta ɗaya ta fita ta ɗaya. Wanda ya tsinci kansa kusa da irin wannan waya sai ya haɗe ƙafafunsa ya ja su a hankali har ya yi nisan aƙalla mita 10. Inda ambaliya ta shiga gidaje kuwa, kamar yadda ta faru a Maiduguri a Satumbar 2024 bayan madatsar Alau ta ɓalle, janyewar ruwa ba ta nufin soket da wayoyin cikin bango sun bushe, kuma laka da dattin da suka maƙale a ciki suna ci gaba da ɗaukar wuta. Sai mai gyara ya duba kafin a kunna.

Idan abin ya riga ya faru, kada a taɓa wanda wuta ta riƙe, kuma kada a taka ruwan da yake ciki. A kashe babban makunnin gida, idan ba a kai gare shi ba a ture wayar da busasshen itace ana tsaye a busasshen wuri. Wannan ga wutar gida ne, babbar wayar kan titi ba a kusantar ta da komai. Idan mutumin ba ya numfashi, a kwantar da shi rigingine a riƙa danna tsakiyar ƙirjinsa da ƙarfi, sau 100 zuwa 120 a minti, wani kuma ya nemo mota ko ya kira 112. Da safen nan wata maƙwabciyarmu ta rugo da gwangwanin madara ta ce a ɗura wa yarinyar. Na gode mata, amma madara ba ta gyara bugun zuciya, kuma ɗura wa wanda ya suma wani abu yana iya shaƙe shi. Ko mutum ya miƙe garau, a kai shi asibiti a duba zuciyar. Gobarar da ta tashi daga kayan wuta kuma ba a watsa mata ruwa sai an tabbatar an yanke wutar.

Bayan kwana biyu na kira mai gyaran wuta, na tambaye shi me ya hana fiyus ya ƙone lokacin da wutar ta ja yarinyar. Ya yi murmushi ya ce, "Yallaɓai, fiyus waya yake tsaro, ba mutum ba." Gaskiyarsa. Fiyus ɗin da ke cikin filogi mai ƙafa uku yawanci na amfiya 13 ne, wato miliamfiya 13,000, kuma mutum zai daɗe da mutuwa fiyus bai san ana yi ba. Abin da ke tsaron mutum wata na'ura ce dabam da masu gyara ke kira RCD ko ELCB, wadda ke kwatanta wutar da ta fita ta waya ɗaya da wadda ta dawo ta ɗayar. Idan aka samu giɓin miliamfiya 30, alamar wuta ta zirare ta wani wuri ke nan, ko ta ruwa ko ta jikin wani, sai ta yanke cikin ƙasa da rabin daƙiƙa. Ba sabon abu ba ne: an fara amfani da irinta a Afirka ta Kudu tun shekarun 1950, Dalziel ɗin nan kuma ya ƙirƙiro tasa a Amurka a 1961. Tana da ɗan maɓalli na gwaji da ya kamata a riƙa dannawa lokaci-lokaci don a ga ko tana yankewa. Kuɗin da na kashe a kanta bai kai na buhun shinkafa ba, kuma na ji kunyar cewa shekara tara ina gidan nan ban san babu ita ba.

Da ya buɗe soket ɗin bakin banɗaki, sai ya nuna mini wayar nan mai launin kore da ruwan ɗorawa, wadda aikinta ta kwashe wutar da ta kuɓuce ta kai ta ƙasa. Tana nan a soket, amma da ya bi sawunta sai ya tarar ta ƙare a cikin bango ba a haɗa ta da komai ba. Ya kafa sandar tagulla a bayan gida ya haɗa ta, ya ɗauke soket ɗin daga bakin banɗaki ya mai da shi cikin baranda, hitar kuma ya yanke wayarta da filaya kafin ya jefa ta a shara don kada wani yaro ya tsinta. A makon farko na'urar ta yanke mana wuta har sau biyu, duk a lokacin da aka kunna injin da ke tura ruwa tanki, har na fara zargin jabu aka sayar mini. Da ya dawo ya tona inda wayar injin ta bi, ya samu wani tsohon ɗori da aka naɗe da baƙar leda, kwance a cikin danshin da ke ɗiga daga tankin, taku biyu daga inda yara ke tsugunawa su yi wanke-wanke kullum.